Taƙi Ɗaya a Ƙarƙashin Kujera ta Uku

Duk wanda ya tashi a Warrindale ya san Lindsay Penhall da waldar ƙofofin gona da tirelolin tumaki, a wata rumfar kwano bayan gidansa. Yaran yanzu ba su san tsohon nan mai jan ƙafa ya taɓa riƙe hatimi mai lamba goma sha huɗu a masana'antar kayan soja ba. Mu da muka yi aiki da shi mun sani, kuma har gobe ba mu gama shawarar ko gode masa za mu yi ko tsine masa ba.

Kakansa haƙar zinariya ya yi har ƙura ta cinye masa huhu. Ubansa a masana'antar ya tsufa. Shi kuwa ya shiga cikinta yana ɗan shekara sha shida, ya yi shekara talatin da ɗaya yana walda, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Al'adar wurin, kowane mai walda yana da ɗan ƙarfensa mai lamba. In ya gama layin walda sai ya buga lambar a gefe da guduma, don ko bayan ransa a san hannun wa ya bi ta nan. Lindsay a aljihun ƙirji yake ajiye nasa, har coci da shi yake zuwa.

Mu masu walda kusan duk kurame ne, ƙarar ƙarfe ta gama da mu tun muna samari. Shi kaɗai Allah ya bar wa kunne. Zai ɗauki 'yar guduma ya ƙwanƙwasa farantin ƙarfe, ya karkata kai, ya ce wannan lafiyarsa lau, wancan kuwa akwai ciwo a cikinsa. Abokinsa Kosta Vlahos, Bagirike, makanike mai harhaɗa sassa, shi ya laƙaba masa Boka, sunan kuwa ya bi shi. Tare suke cin abincin rana, tare suke zagin alƙalin wasa ranar Asabar, kuma Lindsay ne uban baftismar 'yar Kosta ta fari.

A shekarar da nake ba ku labari masana'antar tana gab da rufewa. Sai soja suka ce suna son sabuwar motar sulke mai ɗaukar mutum takwas, wadda in ta taka nakiya na ciki za su fito da ƙafafunsu. Injiniyarmu, Rosalind Hartigan, mace ce siririya mai shan sigari kamar ta ci babu, ta zana motar da ciki mai tsini irin na kwalekwale, don in wuta ta taso daga ƙasa ta rabu biyu ta watse gefe. Aka ce mu ƙera guda biyu na gwaji. Ta Ɗaya za a kai ta daji a tayar da nakiya a ƙarƙashinta. Ta Biyu za a ba sojoji su yi wata uku suna gurzarta a arewa. In sun ci jarrabawa, mutum ɗari biyu da sittin sun tsira da aikinsu. In sun faɗi, sai kowa ya kama gabansa.

Dogon layin da ya haɗa rabin ciki biyu na Ta Ɗaya, wanda muke ce wa ƙashin baya, ba a ma yi shawarar wanda za a ba shi ba. Na Boka ne.

To ƙarfen sulke mai riƙo ne a zuci. Kafin ka yi masa walda sai ka gasa shi da wutar gas, sannan ka goga masa wani alli na kaki. In allin ya narke, ƙarfe ya yarda. In bai narke ba ka ci gaba, ba zai ce maka uffan ba, aikin zai yi kyau sumul. Sai bayan kwana biyu ko uku, kana can ka manta, ya tsage daga ciki. Shi ya sa ƙa'ida ta ce kada a duba layi sai ya kwana uku.

Ranar wata Talata ce a tsakiyar Yuli, lokacin hunturunmu ke nan, sanyi yana yanka kunne. Lindsay yana durƙushe cikin gangar jikin motar tun safe, saura masa taƙi ɗaya ya gama. Sai wani ya wangale babbar ƙofa don motar tayoyi ta shigo, iskar da ta kwana kan dutse ta kwararo ciki ta yi minti biyar tana kaɗawa. Ya ɗaga hular walda yana zagi. Ya laluba allinsa, ashe ya gangara can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Ƙararrawar shayi ta kaɗa, gwiwoyinsa suna zugi. Ya kai bayan safar hannunsa kusa da ƙarfen ya ji ɗumi, ya ce a ransa ai shekara talatin ba wasa ba ce. Ya sauke hula ya ƙarasa taƙin nan, ya buga sha huɗu, ya tafi shan shayi.

Da za a bi ƙa'ida, da maganar ta mutu a nan, don na'urar da ke gano tsaga a cikin layi za ta kama shi ranar Juma'a ya sake aikin a yi dariya. Amma mai dubawar daga Melbourne aka ɗauko shi, kuma yana son ya kama jirgin ƙasan yamma. A ranar ya bi layin da na'urarsa, ya sa hannu, ya tafi. Lindsay yana tsaye yana kallo, ya san ba daidai ba ne, ya ja bakinsa ya yi shiru. Washegari aka shimfiɗa daɓen ƙarfe a kan layin, aka ɗaure shi da kusoshi, aka kafa kujeru takwas a kai.

Ranar Alhamis fasinjoji suka iso cikin akwatuna. Haka muke kiran mutum-mutuman gwajin. Girmansu da nauyinsu na cikakken namiji ne, fatar roba, fuska ba ido ba baki, jikinsu cike da wayoyi masu nuna inda ƙashi zai karye. Dole a sa musu takalmi na gaske, kuma tun zamanin iyayenmu ba a saya musu sabo. Wanda ya yi aikin, shi ke cire nasa ya bayar. Mai ƙashin baya yana ba na kujera ta uku, don ita ce ke zaune daidai kan ƙarshen layin. In an tayar da nakiya takalmin ya dawo lafiya, sai ka mayar da shi ƙafarka a sha giya. Lindsay ya kwance tsofaffin takalmansa masu ƙunar tartsatsi, ya durƙusa ya ɗaura wa Na Uku da hannunsa.

"Kai Boka, ka tausaya wa bawan Allah," in ji Kosta yana toshe hanci. "Nakiya daban, warin ƙafarka daban? Wanne zai ji da shi?"

"Rufe mana baki, Bagirike. Kai da ko kare ba ya shinshinar naka."

Ranar Juma'a da tsakar rana aka kashe injuna, kowa ya fita rana da burodinsa. Lindsay ya shiga motar ɗauko fitilarsa da ya manta. Fasinjoji takwas suna zaune, huɗu na fuskantar huɗu, hannuwa a kan gwiwa. Wurin tsit, har yana jin numfashinsa. A nan ya ji abin.

Ƙyas.

Ƙara ce 'yar ƙarama, kamar an taka ƙashin kifi. Daga ƙarƙashin daɓe ta fito, daidai tsakanin takalmansa biyu da ke ƙafar Na Uku. Tsigar jikinsa ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. Ya tsaya ya fi minti goma yana jira ko za ta sake. Ba ta sake ba, kuma bai buƙaci ta sake ba, don ya san wannan muryar tun yana ɗan koyo.

Ya fito ya zauna kusa da Kosta, ya buɗe kwanon abincinsa ya rufe. Lissafin a fili yake. In ya yi magana, sai an cire wayoyi sittin da kujeru da daɓe, a yanke layin a sake, ranar gwaji ta wuce, abokan takara su yi gaba da kwangilar. Kuma za a san lamba sha huɗu ta yi walda a kan ƙarfe mai sanyi. In ya yi shiru fa? Ai wannan motar don a fasa ta aka yi ta. Na cikinta roba ne da waya, ba su da uwa ba su da 'ya'ya. Wataƙila ma layin ya riƙe. Ya rungumi wannan tunanin ya tafi da shi gida.

Ranar Litinin da safe Kosta ya leƙo daga bayan motar.

"Boka, zo ka ga mutuminka. Shi ma warin ya ishe shi."

Fasinjoji bakwai suna zaune kai a miƙe. Na Uku ya sunkuyar da nasa, haɓa a kan ƙirji, fuskar nan marar ido tana fuskantar daɓen da ke tsakanin ƙafafunsa. Kosta ya ce kusar wuya ce ta saki. Ya ɗago kan, ya ɗaure ta da sifana, ya mari ƙeyar robar ya ce, "Zauna sosai, soja."

Talata suka same shi a sunkuye. Kosta ya sauya kusar gaba ɗaya, ya ɗaure har jijiyar wuyansa ta fito. Laraba da suka sake samunsa haka, Kosta bai yi wasa ba. Ya tsaya a ƙofar motar yana kallon Na Uku, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a wurin aiki ba.

"Kai ne kake yi mini wannan iskancin?" ya tambayi Lindsay a hankali.

"Ni da ban taɓa shi ba tun ranar takalmi."

"To me yake kallo a ƙasan nan?"

Lindsay ya ce bai sani ba, ya juya ya tafi. Ƙarya ta farko ke nan da ya taɓa yi wa Kosta.

A gida matarsa Glenys ta ga ya daina cin abinci. Ta gasa naman rago yadda yake so, ya tsakura ya ture. In cokali ya taɓa kofi sai ya zabura.

"Lin, wa ya mutu?" ta ce.

"Babu kowa."

"To fuskarka ba ta ji labarin ba. Shekara ashirin da shida nake kallonta, ba yau za ka fara yi mini wayo ba."

Ya ce mata gajiya ce, saura kwana tara a fasa motar kowa ya huta. Ita a zatonta maganar aiki yake yi. Shi kuwa ƙirga kwanakin yake da gaske, don yana so nakiyar ta zo ta share masa laifinsa, ko layin ya riƙe ko ya fashe, a ce wuta ce ta yi.

Saura kwana shida, Injiniya Hartigan ta tara mu a gaban motocin biyu. Ta ce injin Ta Biyu ya maƙale a jirgin ruwa, ba zai iso ba sai bayan wata guda. Ta Ɗaya kuwa injinta yana ciki yana aiki. Motar da za a fasa ba ta buƙatar inji mai rai, sai a cika gurbin da ƙarfe mai nauyinsa. Don haka an yi musanya. Ta Biyu za ta tafi wurin nakiya, Ta Ɗaya ita sojoji za su ɗauka, kuma cikin gwaje-gwajensu har da bi ta filin da aka binne ƙananan nakiyoyi a gefen hanya. Mutane suka tafa, suna yaba dabarar. Lindsay bai tafa ba, don yanzu mutane masu rai ne za su zauna a kan taƙin nan.

A ranar aka kwashe fasinjoji aka kai su Ta Biyu. Da safe ya je ya leƙa, bai san me yake fatan gani ba. Na Uku yana zaune kai a miƙe tsaf, kamar bai taɓa sunkuyawa ba. Haka ya kwana, haka ya sake kwana.

Sojojin suka zo ranar Laraba da hantsi, su takwas da sajensu, suna ta tsokanar juna a kan wanda zai fara amai a hanya. Suka zagaya motar suna buga mata tafin hannu kamar masu sayen bijimi. Saje ya ce su shiga a ga ko ta ɗauke su da kayansu. Wanda ya faɗa kujera ta uku wani kofur ne mai jan gashi, da zoben aure sabo fil a yatsa.

"Baba, kai ka haɗa ta?" ya ce da Lindsay, wanda ke tsaye a ƙofa. "To in na dawo da ƙafa ɗaya, gidanka zan zo cin abinci kullum."

Abokansa suka kwashe da dariya. Igiyar takalmin kofur ta kwance, ya sunkuya zai ɗaure, haɓarsa ta sauka a kan ƙirji, fuskarsa ta fuskanci daɓen da ke tsakanin ƙafafunsa.

"Fito," in ji Lindsay.

Babu wanda ya ji, don muryar ba ta fita ba. Ya sake faɗa da ƙarfi. "Ku fito daga motar nan, dukanku!"

Kosta ya damƙi hannunsa. Ina jin a lokacin ya gane komai, don fuskarsa ta yi fari fat. "Boka, don girman Allah," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba a gaban soja ba. Bari su tafi shan shayi mu yi magana. Mutum ɗari biyu da sittin, Lin. Ni kaina shekarata hamsin da huɗu, wa zai ɗauke ni?"

"Sake ni, Kosta."

Injiniya Hartigan ta iso da takardu a hammata. "Malam Penhall, lafiya?"

"Ranki ya daɗe, taƙin ƙarshe na ƙashin baya a sanyi na yi shi. Ban goga alli ba. Ya tsage ranar wata Juma'a, kwana goma sha biyu ke nan."

"Na'ura ta wuce da layin nan. Ga sa hannun."

"A ranar da na yi shi ta duba. Kin sani, ni ma na sani."

Ta dube shi, ta dubi sajen da ya kasa kunne yana jin komai. "Ka gani da idonka?"

"Ji na yi."

"Ji ka yi," ta maimaita. Ta ciro sigari ta riƙe ba ta kunna ba. Zan faɗi gaskiya a kanta, ba ta yi tsawa ba, ba ta kuma nemi a rufa ba. Ta ce, "Ku cire kujerun."

Awa huɗu aka yi ana kwancewa. Da daɓen ya tashi, ga layin nan sumul, kyakkyawa, da lamba sha huɗu a gefe. Ido bai ga komai ba. Wani a baya ya ce, "Boka ya haukace, ya kashe mu a banza." Sai aka kawo jan rini. Yadda ake yi, a fesa rinin a kan layi a bar shi ya ratsa, a goge tas, sannan a fesa farar hoda a jira. In akwai tsaga, rinin da ya ɓuya a ciki zai tsattsafo.

Muka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, mu da sojojin. Lindsay yana durƙushe a ciki. Daga baya ya ce mini a mintunan nan bai san me zai roƙa ba. In ja ya fito, sunansa ya mutu. In bai fito ba, ya zama mahaukacin da ya tozarta masana'anta a gaban soja saboda wata ƙara da shi kaɗai ya ji. Minti biyar, hoda fara sol. Minti bakwai, har mutane sun fara tsaki.

Sai ɗigo ɗaya ya bayyana, ja wur. Wani ya biyo shi, suka haɗe suka zama zare. Zaren ya cika taƙin nan, bai tsaya ba, ya ci gaba da rarrafe a kan farar hodar, ya shiga cikin lafiyayyen aikin da aka yi da zafi, har ya kai kamu guda da rabi. Tsagar tafiya take ta yi duk kwanakin nan. Kofur mai jan gashi ya leƙo ta kafaɗar sajensa, ya ga inda kujerarsa take, ya koma waje ya zauna a kan taya.

Lindsay ya ciro hatimin daga aljihun ƙirji ya miƙa wa Injiniya Hartigan. Ba ta ce ya bayar ba, amma ta karɓa.

Gyaran ya ci mako tara. Soja ba su janye gaba ɗaya ba, sun dai rage odarsu, suka ba wani kamfani sauran. Masana'anta ta tsira, amma an sallami mutum arba'in da uku, kuma sunan Kosta Vlahos yana cikin jerin farko. Lindsay ba a kore shi ba, shi ya ajiye da kansa. Garinmu ƙarami ne, titin kasuwa ɗaya gare mu. Matan waɗanda aka sallama suka daina gaida Glenys. Kosta in ya hango shi sai ya tsallaka titi, kuma da 'yarsa ta yi aure ba a aiko wa uban baftismarta da kati ba. Wannan ya ci wa Lindsay rai fiye da hatimin, ya kuma yi kuka a kansa, Glenys ce ta faɗa mini.

Haka ya koma rumfar bayan gida. Shekara goma sha ɗaya yana gyaran ƙofofi da garmunan manoma, ba ya zuwa kallon ƙwallo, ba ya shiga mashaya. Motocin da aka ƙera daga baya sukan wuce ta babban titi a kan manyan tireloli, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi.

Wata Asabar da safe ya ji mota ta tsaya a ƙofar rumfar. Kosta ne, ya tsufa, ya yi tumbi, yana jaye da wata tsohuwar tirela wadda sandar janta ta karye. Bai yi sallama ba. Ya kwance ta ya tura ta ciki da ƙafa, yana kallon bango.

"Akwai masu walda uku a garin nan kafin ka iso nan," in ji Lindsay.

"Na sani. Na wuce su."

"To?"

"Jikokina nake ɗauka a cikinta in za mu rafi." Kosta ya shiga motarsa ya tayar, sannan ya sauke gilashi. "Har yanzu ban yafe maka ba, Boka. Yaushe zan dawo?"

Lindsay ya dafa tirelar. Ya ce masa ranar Laraba.